Yadda ake yi wa ƙarin tsohon wasan harbi sharhi, daga shirya na'ura zuwa ƙirga harsashi

Wasan harbin da ake gani ta idon ɗan wasa, wato bindiga a ƙasan allo, duniya a gabanka, ya shahara ne da Doom, wanda kamfanin id Software na Amurka ya saki ranar 10 ga Disamban 1993. Sama da shekara talatin ke nan, amma har yanzu ana yi masa ƙari, wato sababbin fagage da ake ɗorawa a kan wasan asali. John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina wasan tun farko, ya fitar da SIGIL a watan Mayun 2019, ya bi shi da SIGIL II a Disamban 2023. A Agustan 2024 kuma aka sake fitar da Doom da Doom II a haɗe, da sabon ƙari mai suna Legacy of Rust. Irin waɗannan wasanni sun dace da mu a Maraɗi fiye da yadda matasa da yawa ke zato, domin tsohuwar kwamfutar da aka sayo ta hannu tana ɗaukar su ba tare da ta yi nishi ba, kuma ba sa cin mega.

Sai dai yi wa ƙari sharhi ba ɗaya ba ne da yi wa sabon wasa. Ƙari ɗa ne, yana da uwa, kuma da uwar ake auna shi. Wanda bai gama Doom na asali ba, ba shi da ma'aunin da zai ɗora SIGIL a kai. Saboda haka aikin farko shi ne a koma a buga uwar, ko da babi ɗaya ne, a satin da za a fara ƙarin, don hannu ya tuna nauyin kowace bindiga.

Sannan ka gane irin ƙarin da ke hannunka. Akwai wanda sababbin fagage kawai ya kawo, bindigogi da dodanni duk na da ne: Final Doom na 1996 haka yake, da kashinsa biyu, TNT: Evilution da The Plutonia Experiment, kowanne fage 32. Akwai wanda ya zo da sababbin makamai da abokan gaba, kamar Scourge of Armagon da aka yi wa Quake, wani wasan harbi na id Software, a 1997. Akwai kuma wanda ya sake ba da labarin ta idon wani mutum daban, kamar Opposing Force na 1999, inda kake sojan da aka tura cikin Black Mesa, cibiyar binciken da ke wasan Half-Life. In ka zargi Plutonia da rashin sabuwar bindiga, ka tambaye shi abin da bai yi alkawari ba. A nan za mu fi zama a kan Doom, domin shi ne ƙididdigarsa ke a fili, kowa na iya dubawa.

Injin da za ka buga da shi

Nan ne mafi yawan sharhi ke lalacewa tun kafin a harba harsashi ɗaya. Doom kashi biyu ne: akwai fayil ɗin kayan wasa, wato `doom.wad` ko `doom2.wad`, kowanne bai kai mega 15 ba, akwai kuma injin da ke karanta shi. Tun da id Software ta saki rubutun injin a 1997, mutane suka ƙera nasu iri-iri, kuma ba hali ɗaya gare su ba.

Chocolate Doom yana kwaikwayon injin farko sak, har da gazawarsa. Crispy Doom ya cire iyakokin tsohon injin amma ya bar dokokin wasa yadda suke. DSDA-Doom shi masu tseren lokaci ke amfani da shi, kuma shi ya fi dacewa da mai sharhi, don yana barin ka zaɓi dokokin zamanin da aka zana fagen. GZDoom ya fi su ƙawa, amma yana ba ɗan wasa damar tsalle, da durƙuso, da ɗaga kai sama ko sunkuyar da shi, abubuwan da babu su a Doom na asali. Wanda ya zana fage a 1996 ya san katanga mai tsayin gwiwa ta isa ta tare ka. In ka tsallake ta, ka isa ƙofar fita cikin minti ɗaya, sannan ka rubuta cewa fagen gajere ne, kai ka ɓata shi. In dole sai GZDoom, shiga saiti ka kashe tsalle da durƙuso da ɗaga kai.

Kowane ƙari yana zuwa da ɗan fayil na rubutu da ke faɗin uwar da yake bukata da injin da aka gwada shi a kai. Karanta shi kafin komai. SIGIL, alal misali, `doom.wad` na The Ultimate Doom, wato fitowar Doom mai babi huɗu, yake bukata, ba `doom2.wad` ba, kuma yana bukatar injin da aka cire wa iyaka. Ga yadda ake tada shi a DSDA-Doom:

`dsda-doom -iwad doom.wad -file SIGIL_v1_21.wad -complevel 3 -skill 4 -warp 5 1`

Lambar da ke bin `-complevel` ita ce dokokin zamani: 2 na Doom II, 3 na The Ultimate Doom, 4 na Final Doom, 9 na fagagen Boom, 11 na MBF, 21 na MBF21, wato dokokin injinan da suka biyo baya. In lambar ta saɓa, sai ka ga ƙofa ta ƙi buɗewa, ko dodon da ya kamata ya ɓullo ya maƙale a ɗakinsa. A kunshin SIGIL akwai fayil na biyu mai ɗauke da kalmar COMPAT a sunansa, wanda aka yi wa injinan da ba su san babi na 5 ba, wato gurbin da SIGIL ke zama. Shi yana hawa gurbin babi na 3 ne. Kada ka loda su biyun tare.

Abu biyu da ke yawan faruwa ga wanda aka tura wa wasan ta kile ko ta Xender. Na ɗaya, a ba shi `doom1.wad`, wato kashin gwaji na kyauta mai babi ɗaya; wannan ba ya karɓar ƙari sam, injin zai ƙi tashi. Na biyu, a ba shi Freedoom a matsayin uwa. Freedoom halal ne, kyauta ne, kuma fagage da yawa suna tafiya a kansa, amma zanen dodanni da bango da sauti duk nasa ne daban. Ba za ka yi hukunci kan kyan fage da kayan da mai zanen bai taɓa gani ba.

Madannai, haske da zafi

Kwamfutocin da ke hannun mutane a nan iri biyu ne: masu madannan Faransa, waɗanda layinsu ya fara da AZERTY, da waɗanda suka shigo ta Kano da Katsina masu QWERTY. Duk jagorar da za ka gani tana cewa a yi tafiya da W, A, S, D. A madannan Faransa gurbin nan Z, Q, S, D ne. Wasu injinan suna karanta gurbin madanni ne ba harafin da ke rubuce a kansa ba, shi ya sa kalmar sirri irin IDDQD kan ƙi aiki sai an danna A a wurin Q. Lambobin sama kuma, waɗanda ake canza bindiga da su daga 1 zuwa 7, a tsarin Faransa sai an haɗa da Shift, kuma Shift ɗin shi ne gudu a wasan. Mafi sauƙi shi ne ka juya tsarin madannai zuwa na Amurka a Windows kafin ka tada wasan, ka kuma kunna gudu na dindindin a saiti.

Linzami dole ne, kada ka gwada da ɗan faifan shafawa na kwamfutar cinya. A injinan da ke bin na asali, tura linzami gaba yana sa ɗan wasa ya taka gaba. Kashe wannan, in ba haka ba za ka dinga faɗawa ramin wuta kana zargin mai zane da ƙuntata hanya.

Haske kuwa, a yi hattara. Doom yana amfani da duhu a matsayin makami, SIGIL ma ya fi. Allon da ke fuskantar taga da ƙarfe biyu na rana ba zai nuna maka komai ba a ɗaki mai duhu. Buga da dare, ko ka rufe labule. Madannin F11 yana ƙara hasken allo mataki-mataki daga 0 zuwa 4. Zaɓi mataki ɗaya, ka rubuta shi, kada ka canza har ka gama. In fage ya yi duhu a mataki na 2 cikin dare, to lallai duhun nasa ne.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwamfutar cinya kan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, musamman in ƙurar hunturu ta toshe fankarta. Alamar ita ce wasa ya fara lafiya, bayan minti ashirin ya soma tsinkewa. Ɗaga bayanta da ɗan katako, kada ka ɗora ta a kan katifa, a hure ƙurar. Injin Doom yana lissafi sau 35 a daƙiƙa; in na'urarka ta kasa riƙe wannan a fage mai dodanni ɗari biyu, duba na'urar kafin ka duba fagen. Kuma saboda ɗaukewar kuran, mai kwamfutar tebur da ba shi da ondilar, wato batirin riƙe wuta, ya saba da F6, ajiyar gaggawa, a bakin kowace ƙofa.

Bugu biyu, da kayen rubutu a gefe

Ƙari ana buga shi sau biyu kafin a ce komai a kansa.

Bugun farko na jin daɗi ne, kamar yadda mai karatunka zai yi: daga fage na 1 zuwa ƙarshe, kana ɗauke da makaman da ka tara, a mataki na 3 ko na 4. Doom yana da matakan wahala biyar. Na 1 yana rage raunin da ake yi maka da rabi ya ninka harsashi. Na 5 yana tada dodannin da ka kashe, ya ƙara musu sauri, kuma ba a yin sharhi da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mai zane da hannunsa yake zaɓar dodon da zai bayyana a mataki mai sauƙi, da matsakaici, da mai wuya. Ke nan fage ɗaya fage uku ne. Mai zanen kirki ya zauna ya daidaita ukun. Malalaci ya bar su iri ɗaya. Ka buɗe aƙalla fage uku a mataki na 2 ka kwatanta adadin dodanni da na mataki na 4, wanda ake kira Ultra-Violence. In adadin bai canza ba, faɗa wa sabon ɗan wasa cewa babu sassauci a nan.

Ajiye kaye da bik. Bayan kowane fage, allon ƙarshe yana nuna kason dodannin da ka kashe, da kayan da ka tsinta, da ɓoyayyun wuraren da ka gano, da lokaci. Rubuta su, ka ƙara sau nawa ka mutu, a ina, me ya kashe ka, da minti nawa ka yi kana yawo ba ka san inda za ka ba. In ka ƙara `-levelstat` a layin umarni, DSDA-Doom zai rubuta maka ƙididdigar a fayil da kansa, amma dalilin mutuwa sai hannunka. Kada ka dogara da tunani: bayan fage 32, na 9 da na 19 sun zama ɗaya a ka.

Bugu na biyu shi ne na awo. Kowane fage ka fara shi da ƙaramar bindiga da harsashi 50 kawai, kamar wanda ya mutu ya tashi. Ana yin haka da `-pistolstart` a DSDA-Doom da Crispy Doom, ko ka rubuta IDCLEV da lambar fage. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: fagen da ya yi daɗi don ka shigo da roka 50 daga baya, a nan za ka ga ko yana iya ciyar da kansa. Ba sai ka yi duka 32 ba in lokaci ya ƙure, amma ka yi na farko, da na ƙarshe, da duk wanda kayenka ya nuna ka mutu fiye da sau biyar.

Akwai kuma hanyar ajiye shaida da ba ta cin wuri. `-record` da suna yana naɗar motsinka a fayil mai ƙarewa da `.lmp`. Ba bidiyo ba ne, danne-dannenka kawai yake rubutawa, kusan kilobait 500 a awa guda, don haka yana wucewa ta WhatsApp ko da layi ya yi rauni. Wanda ka tura wa sai ya kasance da uwa ɗaya, ƙari ɗaya, lambar dokoki ɗaya, in ba haka ba zai ga ɗan wasa yana harbin bango. A Chocolate Doom, madannin Q yana yanke naɗi nan take, kuma yana dab da yatsun tafiya, don haka canza shi a saiti. Sannan naɗin yana tsayawa bayan kusan minti 15 sai ka ƙara `-maxdemo 2048`.

Ƙirga harsashi

Wannan ne ke raba mai sharhi da mai ƙorafi. "Harsashi ya yi kaɗan" magana ce da kowa ke iya faɗa. A Doom ana iya lissafa ta, domin ran kowane dodo adadi ne sananne. Sojan gawa mai ƙaramar bindiga 20 ne, mai bindigar farauta 30, mai jigida 70. Imp, mai jifa da ƙwallon wuta, 60. Jan dodon nan mai cizo 150. Revenant, ƙwarangwal mai roka, 300. Cacodemon 400, Hell Knight 500, Mancubus 600, Arch-vile 700, Baron 1,000, Spider Mastermind 3,000, Cyberdemon 4,000.

Ta ɓangaren makami, harsashin ƙaramar bindiga da na mai jigida yana cire 5, ko 10, ko 15, matsakaici 10. Bindigar farauta tana watsa ƙwaya 7 a harbi ɗaya, matsakaici 70 in duk sun shiga. Mai baki biyu ta Doom II tana cin kwanso 2 ta watsa ƙwaya 20, kusan 200. Roka tana cire tsakanin 20 da 160 in ta daki jiki, sannan fashewarta ta ƙara har 128. Amma fashewar ba ta taɓa Cyberdemon da Spider Mastermind, dukan jiki kawai ke kama su. Akwatin harsashi 50 ne, akwatin kwanso 20, akwatin roka 5, babban batirin plasma 100.

Ɗauki misali. A ce fage yana da Imp 20, jajayen dodanni 10, Cacodemon 4, Baron 2. Jimillar rai: 1,200 da 1,500 da 1,600 da 2,000, wato 6,300. A ce an ajiye akwatin kwanso 3, akwatin harsashi 2, akwatin roka 1. Kwanso 60 sau 70 ya ba da 4,200. Harsashi 100 da 50 ɗin da ka shigo da su, 1,500. Roka 5, a ƙiyasta 200 kowace, 1,000. Jimilla 6,700. A takarda ya isa. A hannu bai isa ba, domin babu wanda ba ya kuskure, kuma ƙwayoyin bindigar farauta suna bajewa in dodo ya yi nisa. Fage irin wannan yana gaya maka cewa akwai wata hanya da mai zanen ke son ka bi. Nemo ta: akwai zarto mai inji? Akwai baƙin akwatin nan da ke ninka ƙarfin naushi sau goma? Akwai gangunan da ke fashewa kusa da taron dodanni? Akwai filin da za ka sa dodanni su harbi juna, tunda a Doom in wani ya samu wani na daban jinsi da harbi sai su koma faɗa tsakaninsu? In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, ƙarancin dabara ce, ka yaba. In babu ko ɗaya, sai an gano ɓoyayyen ɗaki kafin a tsira, wannan aibi ne, ka faɗe shi da lambobinsa.

Don samun adadin ba sai ka bi kana ƙirgawa da ido ba. Buɗe fayil ɗin a manhajar zana fage, Ultimate Doom Builder ko SLADE, ka tace kayan fagen bisa matakin wahala. A cikin wasa kuma, buɗe taswira da Tab ka rubuta IDDT sau biyu, za ta nuna duk bango da duk dodo da kayan da ke cikin fagen. Wannan na bugu na biyu ne kawai.

Lissafin nan yana kuma bayyana abin da jiki ke ji ba a san dalili ba. Doom na farko ba shi da bindiga mai baki biyu. Baron ɗaya yana cin kusan harbi 15 na bindigar farauta, alhali mai baki biyu za ta gama da shi a harbi biyar ko shida. Saboda haka duk ƙarin da aka gina kan Doom na farko, kamar SIGIL, in ya jera Baron a ƙuntataccen wuri, faɗan zai yi tsawo. Ko tsawon ya zama fargaba ko ya zama gajiya, wannan hukuncinka ne, amma ka nuna wa mai karatu inda ya samo asali.

Wahala mai adalci da wadda ba ta da shi

Tambayar da za ka yi wa kowace mutuwa a kayenka ita ce: da na san abin da ke zuwa, da akwai abin da zan yi? Makaman dodanni iri biyu ne. Ƙwallon wuta da roka ana ganin tahowarsu, ana kauce musu. Harsashin sojoji da na mai jigida yana isowa a take, ba a kauce masa sai dai a fake. Don haka mai jigida a fili mara mafaka, daga nesa, zalunci ne. Shi ɗin dai a ɗaki mai ginshiƙai darasi ne. Arch-vile yana ƙona duk wanda idonsa ke kai, yana kuma tada matattu, saboda haka abin dubawa shi ne ko an ba ka kusurwar da za ka ɓuya cikin daƙiƙa biyu.

Plutonia, wanda ƴan'uwa biyu Dario da Milo Casali suka zana, shi ne ma'aunin da ya kamata mai sharhi ya sani. Ya cika da masu jigida da Revenant, kuma fage na 11 ruɗaɗɗen lungu ne da aka sake Arch-vile a ciki. Yana da zafi ƙwarai, amma kusan kowane tarko nasa yana da amsa, kuma ana ba ka manyan makamai da wuri. Babi na 4 na The Ultimate Doom, na 1995, yana koyar da wani abu daban: fagagensa biyu na farko sun fi yawancin na bayansu wuya, na farkon ma magani kaɗan ne a cikinsa a mataki na 4. Kowannensu fage ne mai kyau, amma jerin ya karkace. Shi ya sa ba a yi wa fagage hukunci ɗaya-ɗaya kawai. Zana layin mutuwarka daga farko zuwa ƙarshe ka ga ko yana hawa a hankali ko yana tsalle.

Ɓacewa ma a auna ta. In ka danna makunni ka ji ƙarar ƙofa amma ba ka ga wadda ta buɗe ba, ka yi minti goma kana nema, rubuta. Mai zanen kirki yana sa taga, ko haske, ko sababbin dodanni su ja ka zuwa wurin. SIGIL ya ɗauki wata al'ada ta kansa, idanu a bango da ake harba don hanya ta buɗe, kuma ya koyar da ita tun ɗakin farko. Duk ƙarin da ya kawo sabuwar doka, duba ko ya koyar da ita a wuri mai aminci kafin ya jarraba ka da ita.

Laifin wa?

In wani abu ya lalace, kada ka rubuta sai ka maimaita shi sau biyu: a injinka, sannan a wani injin daban. Hoton da ke maimaita kansa kamar madubi a gefen bango yana nufin ko an manta da zanen bangon, ko fagen ya fi ƙarfin tsohon injin. In ya ɓace a Crispy Doom, iyakar inji ce. In yana nan ko'ina, sakacin mai zane ne. Wasan da ya mutu ɗungurungum a Chocolate Doom a fili mai matakala da yawa, yawanci ya haura iyakar shimfiɗun ƙasa da rufi 128 da injin farko ke iya zanawa lokaci guda.

Laifi na gaske ma yana faruwa, har a kayan sayarwa. A fage na 31 na TNT: Evilution, mabuɗin rawaya an yi masa alamar wasan taro kawai bisa kuskure, don haka mai buga shi kaɗai ba ya ganinsa, sai da aka fitar da gyara daga baya. Wannan ne dalilin da ya sa lambar fitowar fayil ɗin da ka buga take shiga sharhi.

A Quake, ƙare-ƙare biyu na 1997 ana tada su da `-hipnotic` da `-rogue`. In ba ka ji kiɗa ba, ba wai babu ba ne. A faifan CD yake tun asali, sai an kwafo shi. Tsofaffin injinansa kuma suna rikicewa in hotuna suka haura 72 a daƙiƙa, lif ya dinga yi wa ɗan wasa wasa, shi ya sa ake son sababbi irin Ironwail.

Ga ƙarin da ya kawo sabon makami, gwaji ɗaya ya wadatar: bayan fagen da aka ba ka shi, ka sake ɗaukarsa da son ranka? In bindiga ta zauna a aljihu har ƙarshe, ado ce. Sabon dodo kuma, ya tilasta maka motsin da tsofaffin ba su tilasta ba? Gremlin na Scourge of Armagon yana sace maka bindiga, wannan sabon tunani ne. Legacy of Rust ya kawo makamai biyu, Incinerator da Calamity Blade, a gurbin bindigar plasma da BFG, babbar bindigar Doom, don haka a can tambayar ita ce ko fagagensa 16 an gina su ne don waɗannan makaman. Blue Shift, ƙarin Half-Life na 2001, bai kawo sabon makami ba kuma gajere ne, sai a auna shi da labarinsa da kuɗinsa.

Rubutawa don mai karatu na nan

A saman sharhin, cikin layi uku, faɗi injin da lambarsa, da matakin wahala, da irin na'urar, da ko ka yi ajiya a tsakiyar fage. Wanda ya buga a waya ta manhajar Delta Touch da yatsa a kan gilashi bai buga wasa ɗaya da mai linzami ba, kuma yawancin masu karatunka a waya suke. In za ka iya, gwada fage biyu a waya ka gaya musu ko za su iya.

Ka tuna da yawansu daga Free Fire da PUBG suka zo. Gaya musu tun farko cewa a nan ba a sake ɗura bindiga, rai ba ya dawowa da kansa, ba a ɗaga bindiga sama domin wasan ne ke daidaita tsayin harbi, kuma gudu shi ne sulke. In ba ka faɗa ba, za su bar shi a fage na 2.

Kuɗi a faɗe shi da sefa. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ke nan abin yuro 10 ya kama jaka shida da rabi da ɗoriya, ban da abin da katin banki zai cire. Bambanta abin da ke kyauta da abin da ke bukatar uwa ta saye: SIGIL kyauta ne, `doom.wad` ba kyauta ba ne. Faɗi nauyin saukewa a mega, domin fayil ɗin fagage ƴan mega ne, amma sabon kunshin da ake saya a shagunan intanet na Steam ko GOG ya fi haka nesa.

Kada ka tsallake maganar abin da ke cikin wasan. Doom yana da jini, da gawarwaki, da alamomin shaiɗanci a bango, SIGIL ma ya ƙara yawansu. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sa Doom a rukunin ƴan shekara 17 zuwa sama. Duke Nukem 3D da ƙare-ƙarensa suna da tsiraici. Uba ko yaya da zai ba yaro kwamfuta yana da haƙƙin ya sani, kuma wanda ba ya son ganin irin waɗannan alamomi ya sani kafin ya kashe megarsa.

Hotuna uku ko huɗu sun isa, daga rabin farko na ƙarin, ba tare da nuna ɓoyayyen ɗaki ko dodon ƙarshe ba. Zaɓi fage biyu ka zauna a kansu sosai, mafi kyau da mafi muni, da lambobin kayenka. Sauran a ambace su a gurguje. In za ka ba da maki, faɗi abin da kake aunawa da shi, misali babi na 1 na Doom ko Plutonia, sannan ka rufe da sunan wanda ƙarin ya dace da shi: sabon shiga, ko wanda ya gama Doom II a mataki na 3, ko sai wanda ya riga ya ƙware a farawa da ƙaramar bindiga.